Mola Ekema da Wandon Kirsimeti

Kafin raɓa ta bushe a gindin Dutsen Fako, Mola Ekema ya riga ya rataya adda, ya cusa ƙullin kwakoko, wato alalar gwaza, a jaka, ya kama hawa. Aikinsa share layin tare gobara, can sama inda kurmi ya ƙare ciyawa ta fara. Shekara da shekaru yana yi, sai makon jiya gwiwa ta ce ta gaji.

A can, cikin tsagar baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari, akwai wani ɗan tsiro. Karansa baƙi ne wuluk mai sheƙi, ganyensa yanka-yanka kamar leshi. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, burinsa inuwa da laima kawai. Mola ya raɗa masa suna Baƙar Ƙafa, kullum kuma sai ya tsaya sun gaisa.

Matarsa, Iya Limunga, ta taɓa tsare shi.

"Baban Enanga, ana miya da abin nan?"

"A'a."

"Ana sayarwa?"

"A'a."

"To, me yake maka da kake masa wannan ladabi?"

"Ina magana ba ya katse ni."

Ranar bai ci abincin rana ba.

Wani rani, Njie mafarauci ya cinna wa ciyawa wuta don ya koro gafiya, sai iska ta juya. Wuta ta tsallake layi ta nufi duwatsun, ga kurmi a ƙasansu, ga idon ruwan da duk ƙauyen ke sha. Babu ɗanyen reshe kusa. Mola ya cire riga ya maka wa wutar, rigar ta narke nan take. Sai ya tuɓe wando, ya tsoma a ɗan ruwan da ya taru a tsagar dutse, ya shiga duka.

Njie ya tsaya baki buɗe.

"Kallo ka zo yi? Tuɓe naka, ɗan banza!"

Ya tuɓe. Suka yi ta bugu har wuta ta mutu a bakin duwatsun. Ganye ko ɗaya na Baƙar Ƙafa bai ƙone ba, amma wanduna sun zama toka.

Da la'asar magidanta biyu suka sauko, kowa ya kare gabansa da jaka. Suka yi kiciɓis da matan coci suna koyon waƙa a fili. Waƙa ta tsaya cak. Iya Limunga, wadda ke ba da baiti, ta ɗora hannu a ka.

"Wandon Kirsimetin da na ɗinka maka?"

"Yi haƙuri, Iya. Amma gobe akwai ruwan sha."

Mola Ekema, kai ne mai gadin abin da ba wanda ya ba ka ajiyarsa. Kai ne ka zaɓi kunyar yini guda don kada kurmi ya ƙone. Gashin ƙaurinka bai sake fitowa ba har yau, idon ruwan kuwa bai ƙafe ba. Gwarzon Fako, mun gode!

Addarka yanzu tana hannun Njie, wanda ya rantse ya bar gafiya har abada. An ce shi ma ya fara gaisuwa a bakin dutse, amma a hankali, don kada matarsa ta ji.

Samarin ƙauye, dutsen yana neman irin Mola. Ku hau, ku share layi, ku kula da ƙananan tsirrai. Sai dai Iya Limunga ta ce a gaya muku: kowa ya tafi da tsohon buhu na bugun wuta.