Agogon da Ya Ce Motarmu Tana Shan Mai

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma abin da wani ɗan agogon mota ya yi wa maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin muna zaune a Unguwar Shanu, a Kaduna. Ni ina koyarwa a firamare, shi kuma yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati. Shekarun nan ne na casa'in da ake ta rage ma'aikata, sai abin ya faɗo kansa. Bai zauna zaman makoki ba. Da aka ba shi haƙƙinsa sai ya sayi mota 'yar Beljiyam, doguwa, ya ce zai riƙa jigilar fasinja tsakanin Kawo da Zariya. Da farko yana jin nauyin kada tsofaffin abokan aikinsa su gan shi a tasha yana kiran fasinja. Daga baya ya ware, har yakan dawo gida da labaran hanya yana ba mu muna dariya.

Motar ta zo da wani ɗan agogo da aka ɗaura a gefen sitiyari. Da gani ka san ba da shi aka ƙera ta ba, Baturen da ya fara hawanta ne ya ƙara abinsa. Bakaniken maigidana, wani Bakatsine mai gareji a Kurmin Mashi, abokinsa tun kafin aurenmu, shi ya yi masa bayani. Ya ce inji mai yake ci haɗe da iska, agogon kuma yana da waya da ta bi ta ƙasa zuwa salansa, wato bututun hayaƙi, yana sansanar hayaƙi ya faɗi yadda haɗin yake. In allura ta yi hagu, mai ya yi kaɗan. In ta yi dama, ya yi yawa. Tsakiya ita ce lafiya. Maigidana ya ji daɗin wannan abu ƙwarai, don shi mutum ne mai son komai a kan ƙa'ida. Watannin farko kuwa allurar tana nan tana rawa a tsakiya.

Sai wahalar mai ta shigo. Wanda ya zauna Kaduna a lokacin ya san yadda layi yake miƙewa har ka rasa ƙarshensa, direba ya wuni a rana don abin da bai kai rabin tanki ba. Ana cikin haka wata rana ya dawo fuska ba walwala.

"Maman yara, motar nan ta fara shan mai," in ji shi. "Allura ta kwanta a dama, ta ƙi tashi."

Na ce, "To Malam, ka kai wa abokinka mana ya duba."

Ya kai. Bakaniken ya wanke kabureta, ya canza matatar iska, ya matse mai don ya rage wanda ke shiga inji. Allura ba ta motsa ba. Aka ƙara matsewa. Mota ta fara tari da safe, ba ta da ƙarfi a hawa, tana saurin yin zafi. Su biyun suka ɗora laifin a kan man 'yan bumburutu, wanda a lokacin kowa ya san ana gauraya shi. Babu wanda ya kawo wa ransa wani abu daban. Ni kaina kullum ya shigo, kafin in kawo masa ruwa sai na tambaya, "Ta sauka?" Sai ya girgiza kai. Har yara sun koyi tambayar.

Abin ya shiga ransa fiye da yadda nake zato. Mutum ne da ya saba albashi ya zo a ƙarshen wata, yanzu ga shi abincin gidansa yana rataye a tankin mota, ga agogo a gabansa tun safe har yamma yana ce masa man da ya sha wahala ya samu yana tafiya a banza. Yakan ce ko yana salla allurar yake gani. Daga ƙarshe bakaniken ya cire ɗan bututun da mai ke fita ta cikinsa, ya sa wani mai ƙaramin rami. Ya ce, "Yallaɓai, in wannan bai saukar da ita ba, to ban san abin da zai saukar ba." Bai saukar ba.

Wata ranar Laraba da azahar, ya cika mota da fasinja, sun wuce Jaji, sai inji ya yi wata ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta tsaya. Fasinjoji suka watse, kowa ya nemi wata. Shi kuma ya tsaya a bakin titi har ya samu wanda ya ja shi zuwa Kurmin Mashi.

Washegari ya fita bai karya ba. Da na tashi daga makaranta na ga bai dawo ba, sai na zuba abinci na bi shi garejin. Ban taɓa zuwa wurin ba. Na same su a ƙarƙashin wata rumfar kwano, an buɗe kan injin an jera kayansa a kan buhu. Bakaniken yana riƙe da wani ƙarfe kamar gwangwani, wanda ya ce fistan ne, an huda shi a tsakiya kamar an ɗiga masa wuta. Ya ɗauko fulogi ya juya shi a hannu. Fari ne fat.

Sai ya ce, "Yallaɓai, injin da ya ƙoshi da mai, fulogensa baƙi ne. Wannan yunwa ce ta kashe shi."

Maigidana ya ce, "Yunwa kamar yaya? Agogo fa ya ce mai ya yi yawa."

Bakaniken ya ajiye fulogin. Ya zagaya ya shiga motar, ya murɗa makulli rabi, yadda fitilun da ke gaban sitiyari za su kawo. Ina tsaye daidai taga, da idona na gani. Inji a buɗe, kayansa a kan buhu, babu mai babu hayaƙi, amma allura ta tashi ta tafi dama ta kwanta, kamar kullum.

Duk tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa kallonta kafin a tayar da mota.

Aka kira mai wayarin na garejin maƙwabta. Ya fara daga bayan agogon, ya duba inda aka ɗaure wayarsa a jikin mota, ya ga lafiya lau. Ya bi ta a hankali da yatsa, ta ƙarƙashin sitiyari, ta ratsa zuwa wajen inji, har ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar. Can ya ce a miƙo masa wuƙa. Ya jawo wasu wayoyi biyu da suka narke suka manne da juna. Abin da ke riƙe su ne ya karye, suka faɗa kan salansa, zafi ya cinye robarsu. Ɗaya ta agogon ce, ɗayar kuma mai ɗauke da wutar batir ce, ita ke tura allurar dama. Ya raba su, ya naɗe kowace da salatif, aka sake murɗa makulli, allura ta zauna a wurinta shiru. Gyaran bai kai tsawon cin kwanon tuwo ba.

Bakaniken ya tsuguna ya dafe kai. Ya ce, "Da hannuna na yi ta shaƙe ta. Ka yafe mini."

Maigidana ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ni nake kawo maka ita. Tashi, haka Allah Ya so." Amma na ga yadda ya juya baya yana kallon titi. Abincin da na kawo haka na mayar da shi gida.

Ba mu da ƙarfin sayen wani inji. Motar ta yi damina guda a garejin, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, sannan aka sayar wa masu kayan gyara a Panteka. Shi kuma ya samu aikin tuƙa wani ɗan kasuwa, mutumin da a da yake zuwa ofishinsu ya jira a benci. Ya yi aikin da gaskiya har ciwon ajalinsa, bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai labaran hanya sun ƙare, kuma in ya shigo gida yakan zauna shiru fiye da da. Bakaniken bai daina zuwa gaishe mu ba, amma ban sake jin sun yi hirar mota ba.

Na san ƙaddara ba ta wuce ranarta. Duk da haka abin ya koya mini darasi da nake bi har yau. Motar ta yi tari, ta yi zafi, ta kasa hawa, duk tana faɗa mana halin da take ciki, mu kuma muka toshe kunne saboda mun riga mun ba agogo gaskiya. Tun daga nan, in aka kawo mini ƙarar ɗalibi ko ta ɗana, ba na ɗaga hannu sai na fara bincikar wanda ya kawo ƙarar.