Sifilin Mai Sikeli

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gyaran sikeli ya gada. Shagonsa ɗan lungu ne a bayan masu sayar da ƙusa, cike da duwatsun awo da warin baƙin mai. Taurin kai gare shi kamar me. In ya ce sikelinka na cin giram goma, ko kuka za ka yi ba zai sake maka shi ba sai ya gyara. Mahaifinsa ma haka yake, har 'yan kasuwa suka laƙaba masa Daidai-wa-daida.

Sai da Kawu ya haura sittin ya yi wa sana'ar rajistar kamfani, da laƙabin tsohon nasa. Ya sa takardar a gilashi ya rataye, kullum sai ya goge ta da hannun riga. Wata biyu bayan nan ciwo ya kama masa hannun dama, shago ya shekara a rufe.

Da ya warware na je taya shi shara, sai na ga wasiƙu uku a danne da dutsen kilo biyar. Ta ƙarshen cewa take in bai kai bayanin shekara ofishin rajista da na haraji ba kafin wata ya ƙare, za a soke sunan kamfanin, wani ma yana iya ɗauka. Raina ya ɓaci.

"Kawu, ka gani ka yi shiru?"

"To me zan kai musu? Ko sisi ban samu ba. Wa ka taɓa gani yana auna babu?"

Ashe shi a tunaninsa mai riba kaɗai ke zuwa can. Da na matsa, sai ya sunkuyar da kai. Kunya ce ke cinsa, wai ya rubuta babu a ƙarƙashin sunan ubansa. Nan tausayinsa ya kama ni, na daina faɗa.

Washegari na ja shi zuwa ofishin rajista kamar mai kai yaro allura. Muka zauna a benci har cinya ta yi tsami, kafin wata ma'aikaciya mai gilashi ta kira mu. Ta ce ko kamfani bai yi ciniki ba, dole a zo a faɗa, a rubuta sifili a sa hannu. Tarar jinkiri kuwa ba makawa.

"'Yata, sifili fa kika ce? A takardar hukuma?"

"Shi fa, Baba. Sana'ar me kuke yi?"

"Gyaran sikeli."

"Ai kuwa nawa na gida ya ishe ni. Ba komai a kansa amma yana nuna rabin kilo."

Kawu ya gyara zama. "Wannan maƙaryaci ne! Sikelin da bai iya nuna babu ba, kada ki yarda da kilonsa."

Yana rufe baki ya gane da kansa yake. Ni dai na kau da kai don kada in yi dariya. Ya jawo takardar, ya riƙe biro da hannun nan da ya sha ciwo, ya zana sifili a kowane gurbi, a hankali, kamar mai saita allurar sikeli.

A bakin ƙofa ya tsaya ya duba rasit, ya shafa sunan da yatsa.

"Tsohona ma daga sifili yake fara awo," in ji shi. Ya juya ya leƙa ciki. "'Yata, ki kawo sikelin nan gobe. Shago a buɗe yake."