Ruwan da Ya Ƙi Yin Fari

Malam Sabulu yara suka laƙaba masa, kuma ba sharri suka yi masa ba. Shekara da shekaru ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin sabulu, da digirinsa na kimiyyar sinadarai, yana auna wannan yana ɗiga wancan, har ranar da kamfanin ya durƙushe aka sallami kowa. Ya yi zaman gida har kujerar falo ta lotsa. Maiɗakinsa, wadda ɗinki ne sana'arta, ita ta gaji ta ce masa, "Baban yara, tunda ba ka da aiki sai ƙure 'ya'yanka da tambaya, ka je inda ake biyan mutum a kan haka mana." Sai da ya nema sau biyu kafin kwalejin horar da malamai ta ɗauke shi. Ya zauna aji da sa'o'in ƙannensa, ga furfura ta fara leƙowa a gemu.

Ni ce malamar kimiyya ta 'yan aji biyu a sakandaren da aka turo shi koyarwar gwaji, don haka ajina aka ba shi, ni kuma na koma bencin baya ina kallo. Ilimi kam akwai shi, sai dai allo yake koya wa. Zai juya wa yara ƙeya ya yi ta ƙus-ƙus da alli, su kuma su buɗe kasuwarsu. A haka mai duba 'yan koyarwar gwaji daga kwaleji ta same shi a zuwanta na farko. Dattijuwa ce mai tabarau, ɗalibanta na kiranta Jan Biro. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce saura zuwa ɗaya, in ta sake ganin haka zai maimaita shekara.

"Malama," ya ce mini bayan ta tafi, "keken ɗinkin nan shi ke riƙe da gidana. Da wane baki zan ce mata ta ƙara min shekara?"

Ya ba ni tausayi ƙwarai. Na koya masa tsayuwa, na koya masa ɗaga murya, ya haddace sunayen yara har da na masu ɓuya a lungu. Ran da ya haɗa musu ruwan kumfa suka cika aji da balan-balan, ran nan ya saye su gaba ɗaya.

Da zuwan Jan Biro na biyu ya matso, na ba shi shawarar da kowa ke bai wa ɗan gwaji: ya koyar da darasin tun jajibiri, yara su san amsa, gobe a maimaita kamar sabo. Ya girgiza kai. Wai a kamfani bai taɓa sa hannu a kan sakamakon da bai gani da idonsa ba. Na ce, "Ƙanena, nan ba kamfani ba ne, amma kanka ake ji."

Darasin mai sauƙi ne. Za a hura numfashi cikin tataccen ruwan farar ƙasa, ruwan ya koma fari kamar madara, shaidar iskar da muke fitarwa. Shi ya haɗa ruwan da kansa, ya gwada ya ga ya yi, ya ajiye kwalbar a tagar ofishin malamai. Yara kuwa sun ji labarin abin da ke kansa. Ashe monitar ajin ta tara su sun karance shafin tas, sun ƙulla cewa Malam ba zai faɗi a hannunsu ba.

Jan Biro ta shigo ta zauna kusa da ni, can ƙarshen aji. Ya fara lafiya, yana kallon yara, murya tana fita. Ya zuba ruwan a kofin gilashi, ya sa bututun roba irin na shan lemo, ya hura. Kumfa ta tashi ta kwanta, ruwa na nan garau. Ya sake hurawa har jijiyar wuyansa ta miƙe. Babu abin da ya canja.

Sai monita ta miƙe. "Malam, ya yi fari!"

"Ya yi fari! Kamar madara!" aji ya ɗauka baki ɗaya, har da masu tafi.

Na saci kallon Jan Biro. Kanta na sunkuye tana rubutu, kuma daga inda muke, da irin idonta, ba ta isa ta bambance ba. Hannunsa ya rufe rabin kofin. Abin da ya rage masa kawai ya ce madalla, ya tura kofin bayan tebur ya wuce. A zuciyata har roƙonsa nake yi: bawan Allah, ajiye kofin nan, ka tuna matarka.

Ya dubi kofin, gumi na bin gefen kunnensa. Sannan ya janye yatsunsa, ya ɗaga kofin sama saitin taga, inda kowa zai gani.

"Na gode, 'ya'yana," ya ce. "Amma ku dubi kofin, ku bar littafin. Wa ya ga fari?"

Biron Jan Biro ya tsaya. Monita ta zauna a hankali, idonta ya ciko. Can wata 'yar siririya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce, "Malam, ni dai ruwa na gani."

"Ni ma ruwa na gani. To me ya hana shi?"

Nan tsarin darasin da ya yi mako yana shiryawa ya bi iska. Wani ya ce numfashin Malam ne ba ƙarfi, aka kira ƙaton ajin ya hura har ya ga jiri. Wata ta ce ko kofin ne, aka canja kofi. Sai siririyar nan ta ce ko ruwan ne ba shi ba. Ya miƙa mata kwalbar ta duba ta shinshina, ta ce ita kam kamar na famfo. Suna cikin musu aka kaɗa ƙararrawa, ko rabin abin da ya tsara bai kai ba. Daga baya muka gano malamin lissafi ne ya wanke alli a hannunsa da ruwan, kuma don kirki ya cika kwalbar a famfo ya mayar.

Jan Biro ta taso ta ɗauki kofin, ta kai shi dab da tabarau. "Da ka ajiye shi, da ban sani ba," ta ce.

"Su da sun sani, ranki ya daɗe."

Ta zabge masa maki a kan rashin kammala darasi, ta ƙara zabgewa a kan barin kayan gwaji a taga. Da ƙyar ya tsallake, amma ya tsallake. A bakin ƙofa ya kira maiɗakinsa, ya kasa magana, sai ni na karɓi wayar na gaya mata.

Yanzu yana koyarwa a wata makaranta, ni kuma ya bar ni da jidali. Shekara ashirin ina cewa "Kun gane?" ana amsa mini da "Eee!" ina wucewa abina. Jiya na tambaya, siririyar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wallahi ba mu gane ba." Na juya na goge allo, muka sake daga farko.