Baba Mai Gwangwani da Notin Kafireta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Gwangwani, mai sayar da tsofaffin kayan babur a layin bayan tasha. Labarin ya same ni ina tsugune gaban babur ɗin marigayi mahaifina, hannu duk baƙin mai, ina jiran Laraba, ranar da ya ce in zo.

Baba, shagonka bai fi taku huɗu ba, amma na tabbata ba a taɓa tara gwangwanayen madara masu yawan naka a wuri ɗaya ba. Ko ɗaya babu rubutu a jikinsa. Mu da muka yi boko mun ɗauka noti da noti ake haɗawa, washa da washa. Kai kuwa kowane mataccen babur gwangwaninsa daban, kuma da mai shi kake kiransa. Wannan na malamin asibiti ne da ya faɗa kwalbati, wancan na masinjan kotu ne da bai taɓa canza mai ba. In mutum ya zo neman sifirin, sai ya ji tarihin mamacin da za a ciro masa shi, har da abin da ya yi ajalinsa.

Ba kowa kake sayar wa ba. Na ga ranar da ka kori wani mai babbar riga don ka ji ya ce da dutse yake bugun kafireta in babur ya ƙi tashi. Ka ce ba ka ba da marayu riƙo a gidan mugunta. A ranar kuma na ga ka ba wani mai ɗinkin takalma fulogi kyauta, ka bi shi har bakin titi kana yi masa faɗa kan birki.

Ni abin da ya kai ni wurinka ɗan ƙarami ne. Babur ɗin mahaifinmu ya shekara ashirin a ɗakin ajiya, kaji suna ƙwai a kan kujerarsa. Na kwance shi, na wanke, na mayar da komai, sai wani ɗan noti na tagulla mai sifirin, wanda ke daidaita iska a kafireta, ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba, amma in babu shi babur sai tari. Kamfanin da ya ƙera shi ma ya manta ya taɓa yin irinsa. Yayana kuwa yana son ɗakin, ya ce in watan nan ya ƙare babur bai tashi ba, 'yan gwangwan za su ɗora shi a sikeli. Babur ɗin da ya kai mu makaranta mu uku a jere, ni a kan tanki.

Da na faɗa maka, ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Malam Boko, littafi nawa ka karanta?"

Na ce da dama.

"Duk ciki ba wanda ya ce ka shimfiɗa tsumma kafin ka kwance kafireta?"

Wata biyu kana nema. Ka zazzage malamin asibiti, ka zazzage masinjan kotu, ka aika garuruwa, babu. Ranar Asabar ka ce mini, "An samu. Zo Laraba, sai na wanke shi." Ba ka kai Larabar ba.

Bayan kwana biyar na je shagon, ina jin kunyar kaina, don mai zuwa gaisuwa da noti a zuciyarsa ba abin yabo ba ne. Na tarar surukinka, ma'aikacin ofis mai son tsari, ya yi wa iyali gwaninta. Ya juye gwangwanayen nan kaf a babban baho, yana ware manya da ƙanana. Aikin shekara arba'in ya zama tsaba. Na yi kwana biyu ina tsinta kamar kaza, ban ga komai ba.

Rana ta uku Inna, mai ɗakinka, ta aiko in shiga gida. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ƙullin takarda, na buɗe sai ga notin.

"Kai ne ɗan bokon nan mai noti? Ungo. A aljihun rigarsa na tsinta."

Na ce, "Inna, a ina ya samo?"

Ta nuna zaure da haɓa. Babur ɗinka ne a jingine, sa'an na mahaifina, kafiretarsa a buɗe.

"Tun Asabar yake zuwa shago a ƙafa. Na ce Malam lafiya? Ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jini. Mutumin da rabonsa da likita tun ina amarya."

Na so in mayar, ta ce in na mayar ba ta yafe ba, ita ba ta saɓa masa da rai ba, ba za ta fara yanzu ba.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare na ɗaura shi. Bugu uku babur ya tashi, hayaƙi ya cika gida, kaji suka watse. Yayana ya fito zai yi faɗa, ya tsaya yana saurare, sannan ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido. Bai sake maganar sikeli ba.

To Baba, ka gyara ɗaya ka kwantar da ɗaya. Naka yana zaure ba ya tashi, kuma duk garin nan mutum guda ne ya san inda ake samun irin notin, shi ne muka binne. Na yi wa Inna alkawari zan nemo. Na fara, kuma yanzu ina shimfiɗa tsumma.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa kowane ɗan ƙarfe da ka ba wani kyauta ya yi nauyin dutse a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da 'ya'ya da jikoki, da surukinka, wanda na yafe wa. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.