Kwallin Malam Isuhu

Cikin shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen ido a Kazaure, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda aka kawo mana Malam Isuhu, wani malamin allo daga Gwiwa. Ƙanensa ne ya ɗauko shi a babur, shi kuwa sai faɗa yake, wai lafiyarsa ƙalau. Ya ce da ba ya iya karatu sai da tabarau, amma tun da ya fara sa wani kwalli, tsarabar Makka, ya ajiye su. Har maƙwabta na zuwa ya sam musu.

Ƙanen ya ja ni gefe. Ashe a gari ana ta cewa Malam ya yi girman kai, yakan wuce surukinsa a kasuwa ko kallo babu, balle gaisuwa. Har wasu sun fara janye 'ya'yansu daga makarantarsa.

A ƙa'ida, kafin likita ya ga mutum, mu ke gwada shi da allon haruffa na bango. Malam bai ga ko babban harafin sama ba. Na haska tocila, sai ga yana a ido biyun. Ku sababbin ma'aikata ku riƙe wannan: wata yanar takan gyara ganin kusa na ɗan lokaci tana cinye na nesa, daga baya ta haɗa duka ta rufe.

Na ji nauyin faɗa masa, don a haife ya haife ni. Ban ko taɓo zancen kwalli ba. Na nuna ƙanensa da ke tsaye can bakin ƙofa, na ce, "Baba, wane ne wancan?"

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Likitan ne ko?"

Da ƙanen ya amsa, sai Malam ya tambaye ni yaushe za a yi masa aikin idon.

Bayan an yi masa ya dawo a duba shi yana mita, wai mun mayar da shi kan tabarau. Amma tun daga tsakar asibiti ya hango ƙanensa yana kafe babur a rana, ya ɗaga murya ya ce ya mayar da shi inuwa. Na yi dariya, daɗi ya cika ni. Yaran makaranta ma sun koma.

Tun daga ranar, in aka ce mini tsoho ya daina gaisuwa, ba na sa baki. Cewa nake a kawo mini shi in haska idonsa tukuna.