Jirgin Fernand Mai Inji Biyu

Shekara talatin da ɗaya Fernand Gauchet ya yi yana lanƙwasa kwano a masana'antar injin wanki, kuma sha huɗu daga ciki ya haɗa da ƙera jirgin sama a garejin gidansa. Motar gidan ta gaji da jiran a mayar da ita ɗakinta, ta tsufa a waje. Jirgin kuwa in ka gan shi sai ka yi dariya. Tsawonsa bai kai mita huɗu ba, mutum ɗaya yake ɗauka, ga wasu 'yan injuna biyu a hancinsa, kowanne bai fi na zarton yankan itace ba. In an tambayi Fernand yaushe zai gama, sai ya ce, "Saura kaɗan," kuma haka yake faɗa tun 'yarsu tana firamare.

Abu ɗaya yake so a duniya: ya tashi da jirgin nan da hannunsa. A ƙungiyarsu ta masu ƙera jirgi a gida, wanda ya ƙera shi ke fara hawa, don shi ya san kowace ƙusa. Saboda haka ya haramta wa kansa cuku da man shanu, jirgin ba ya ɗaukar mai tumbi. Matarsa Odile takan ce, "Mutum na aura, ga shi nan ya koma sanda."

Saura wata biyu ya gama, ya je wurin likitan matuƙa jirgi don sabunta takardar lafiya. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya sake saurara, sannan ya ajiye biro bai sa hannu ba. Zuciya ce, tana tsallake bugu. Fernand ya mayar da rigarsa, ya yi godiya, ya biya ya sayi burodi. Bai ji komai ba, har abin ya ba shi mamaki.

Sai ya tuna da ajin jirage marasa nauyi, inda ba a neman wannan takarda. Tsofaffin ƙungiyar can suke fakewa in likita ya sallame su. Ya ɗora jirgin a sikeli, ya ga bai kai ko kusa da nauyin da aka ƙayyade ba. Ya cike takardu ya kai wa Solène, mai koyar da tuƙi a filin jirginsu, wadda ta san dokokin nan kamar sunanta.

Ta duba, ta cire tabarau. "Baba Fernand, inji nawa ne a jirgin nan?"

"Biyu. Ƙanana ne."

"Ban tambaye ka girmansu ba."

"Ki haɗa su duka, ba su kai ƙarfin wancan tsohon kwandon jirgin da kike koyarwa da shi ba."

"Kwandon nawa injinsa ɗaya. Ajin nan na mai inji ɗaya ne, haka aka rubuta. Naka sai cikakken lasisi, sai kuma sa hannun likita."

"Jirgin da nake turawa da hannu ɗaya?"

"Shi fa. Ni ma abin haushi yake ba ni."

"To in na cire ɗaya?"

"Sai ka yi ta kewaya fili kamar kare mai bin jelarsa. Haba, kai ma ka sani."

Ya sani. Shekara sha huɗu yana auna nauyi da ƙarfi da tsawo, ga mutum gwanin awo, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa ƙirga injin kawai za a yi ba.

Duk da haka ya ƙarasa jirgin. Kullum bayan karin kumallo yakan shiga gareji, ya ɗaure abin da ya rage, ya shafa fenti, kamar mai yi wa wani aikin ƙwadago. Odile ta dawo da cuku kan tebur, ya ci.

Wata Asabar da hantsi Solène ta tashi da jirgin. 'Yan ƙungiya suka taru, injunan biyu suna ƙara kamar ƙudan zuma a kwalba, jirgin ya yi ɗan gudu ya bar ƙasa. Fernand yana jikin shinge, hannu a aljihu. Ana ta bubbuga masa kafaɗa, yana ta gyaɗa kai. Ya bi jirgin da ido har ya zama ɗigo, ya lura wuyansa ya fara ciwo.

Da ta sauka ta buɗe murfin mazaunin matuƙi tana dariya. "Baba Fernand, ka yi aiki! Sakin sandar tuƙin na yi gaba ɗaya, ya miƙe abinsa, ko karkata babu."

"To madalla."

"Zo ka zauna mana, ko na minti ɗaya."

Ya shiga, ta rufe masa murfin. Injunan a kashe, suna ɗan ƙas-ƙas na hucewa. Kujerar da ɗumin jikinta. Ya kama sandar, ya kai ta hagu, ya ga leɓen fiffike ya ɗaga daidai yadda ya kamata. Ya zauna yana jiran baƙin ciki, don ya san lokacinsa ya yi, amma bai zo ba.

Odile ta ƙwanƙwasa murfin. "Fito, tsoho, za su tura shi ciki."

Ya fito. Aka miƙa masa littafin jirgin, inda ake rubuta kowane tashi. A layin farko Solène ta riga ta rubuta minti ashirin da biyu, da sunanta a gurbin matuƙi. Ya karɓi biro ya sa hannu a gurbin mai shi.