Gonar da Hudu ya bari ta huta

Yayana Hudu ya rasu bai ci doyar gonarsa ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Mutane suna ce mini, Atikatu ki yi haƙuri, haka Allah ya rubuta. Na sani. Ban yi musu da rubutun Allah ba. Amma da hannun mutane aka yi abin, kuma zan faɗi yadda aka yi.

A Zongon Salaga aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanninmu fataken goro ne, sun bar mana suna, ba su bar mana ko kamu ɗaya na ƙasa ba. Ɗan Zongo yana da gida, yana da masallaci, yana da makabarta, amma gona sai ya roƙa. Ni na gama sakandare na ƙare a kasuwar doya, inda nake har yanzu. Shi kuwa tun yana saurayi ya bi wani dillalin shanu zuwa Bawku, ya zauna yana kora dabbobi a kara, wato kasuwar shanu, yana lodinsu a mota zuwa Kumasi.

A can son noma ya kama shi. Yakan share kashin shanu a kara ya kai wa wani tsohon manomi a hanyar Pusiga, wanda 'yar gonarsa ta bayan gida tun kakansa ake nomanta, ba ta taɓa gajiya ba. Bana gero, baɗi gyaɗa, wake a tsakani, toka da shara duk gona suke komawa. Tsohon ne ya ce masa ƙasa kamar jaki take, in kullum kaya iri ɗaya kake ɗora mata a wuri ɗaya, bayanta zai yi gyambo. Hudu ya riƙe maganar nan har kabari.

Da rikicin Bawku ya yi tsanani, dokar hana fita ta kashe kasuwa, sai ya kwashi matarsa Asiatu da 'ya'yansu mata biyu ya koma Yendi. Ya ɗauki goro da zakara ya je wurin wani dattijo Badagombe, Mba Sumaila, a wani ƙauye kan hanyar Saboba, ya roƙi gona. Ƙa'idar a fili take, kowa ya san ta. Baƙo ba ya dasa itace, ba ya sayarwa, kuma duk kaka zai kai wa mai ƙasa kwando ɗaya na abin da ya girba. Kwandon nan shi ke nuna gonar tana hannunka. Gonar da ba a noma ba, ba a kai mata kwando ba, ta koma wurin masu ita.

Wadda aka ba shi, babu mai sonta. Masara aka yi ta zuba mata shekara da shekaru, ana ɗura mata takin zamani, har ta zama fako. Abin da ke fitowa a cikinta kawai wuta-wuta ne, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwar hatsi. Da na je Yendi ya kai ni in gani, na tsaya na riƙe ƙugu.

"Yaya, wannan gona ce ko filin ƙwallo?"

"Ke dai Atika, bakinki ya fi fartanya kaifi," in ji shi, yana murza ƙasar a tafin hannu. "Ba mutuwa ta yi ba. Yunwa take ji."

Ya fara da gyaɗa, da kyar ya mayar da iri. Ya bi da waken soya, ya bar ganyen ya ruɓe a wurin. Maƙwabta suna ƙona karansu, shi ya kwantar da nasa. Masu kiwo suka taya harawarsa, ya ce ba ta sayarwa ba ce, abincin gona ce, aka yi ta masa dariya. Da rani ya shirya da wani Bafillace ya riƙa kwantar da shanunsa a ciki. Wuta-wuta kuwa da hannu suke tuge ta shi da Asiatu, kafin ta zubar da 'ya'ya, har bayan matar nan ya sankare. Sai dawa da wake a kunya ɗaya, sai gyaɗa kuma. Abin da gonar ke bayarwa bai isa ci ba, don haka yana dako a tashar mota tsakanin noma da noma. Amma ko kwano biyu ya samu, sai ya cika kwandon Mba Sumaila ya kai.

Wata rana ina tsakiyar ciniki sai ga wayarsa, yana ihu kamar an yi masa haihuwa.

"Atika! Na ga tana!"

"Tana? Ita ce ka katse mini ciniki a kanta?"

"Ke ba ki gane ba. Tana ba ta zama a matacciyar ƙasa."

Ƙasar ta yi duhu, ta yi laushi, in ka taka sai ƙafarka ta nutse. Daga nan ya faɗa mini abin da yake nufi tun farko: doya. Larbako yake so, irin wadda mahaifinmu ba ya cin sakwarar kowace doya sai tata. Ita kuwa doya ba ta yarda da ƙasar da ba ta huta ba. Sai ya yanke shawarar barin gonar saura damina guda, gamba ta rufe ta. Ya je ya shaida wa Mba Sumaila, su biyu kaɗai a gindin bishiyar ɗorawa. Dattijon ya ce, "Bar ta ta yi barci, ta wahala."

Kafin kaka dattijon ya rasu. Hudu ya je jana'iza, ya yi gaisuwa, ya dawo. Kaka ta zo, babu abin da aka girba. Asiatu ta ce masa ya sayi masara a kasuwa ya cika kwando ya kai wa magada. Ni ma na kira shi na faɗa masa haka, da babbar murya. Ya ce, "In kai abin da gonar ba ta haifa ba, in ce nata ne? Ƙarya ke nan. Ai tsohon ya sani." Tsohon da ke ƙarƙashin ƙasa! Nan ne na fi jin haushinsa, Allah ya gafarta masa.

Na tsinto masa irin larbako mai kyau a kasuwarmu, na sa a mota na aika. Da ruwan farko ya sauka ya ɗauki gayyar mutane da manyan fartanyu don tayar da tsibin doya. Suka tarar tarakta ta riga su. An kife gambar duka, ƙasar baƙa wuluk tana kwance a rana. Mashud, babban ɗan marigayin, shi ya sa aka yi.

Na hau mota na zo, muka je gaban dattawan ƙauyen. Suka yi tambaya ɗaya: an kai kwando bara? Ba a kai ba. Shi ke nan. Ni ban iya shiru ba.

"Lokacin da take fako, akuya ma ba ta tsayawa a kai, wa ya tuna tasa ce?"

Mashud bai ɗaga murya ba, gaskiya, har ma ya kira ni Mma, wato uwa a yarensu. Ya ce, "Mma, ƙannena sun dawo daga babban birni, Ankara, hannu rabbana, bakuna sun yi mini yawa. Mun ga gona a kwance, kwando bai zo ba, muka ce baƙon ya gaji. Baba bai gaya wa kowa komai ba."

Na buɗe baki zan ƙara, Hudu ya ja gefen mayafina. "Atika, mu baƙi ne. Tashi mu tafi." A garin da ya aurar da 'ya'yansa, har yanzu baƙo.

Masarar Mashud ta shekarar farko, mutane daga wasu ƙauyuka suka riƙa zuwa kallo. Hudu yakan hau keke ya je ya tsaya a bakin gonar, ya duba, ya juyo. Sau ɗaya ya ce wa Mashud ya sa mata wake baɗi. Mashud ya ce masara ce ke da mai saye tun tana tsaye. Aka sake masara, aka kuma sakewa. Ba a daɗe ba jan furen nan ya dawo, ya fi na da.

Irin doyar kuwa Hudu bai bari an ci ba. Ya yi 'yan tsibi a bayan gidan hayarsu, duk shekara ya haƙa ya sake binnewa, don kada irin ya ɓace kafin a samu inda za a kai shi.

Da gonar ta sake zama fako, sai ga saƙo daga Mashud: in baƙon yana so, ya zo ya karɓa. Na ce da Hudu ko a mafarki kada ya je. Na ce su sun ci nama, sun miƙo maka ƙashi ka mayar masa da tsoka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba wurin Mashud zan koma ba. Ita gonar ai ba ta yi mini komai ba." Ya sayi goro ya tafi, gemunsa fari fat, ga hawan jini.

Ya sake farawa da gyaɗa. Shekara ta biyu ya sa wake. Yana tuge wuta-wuta a cikin waken ya faɗi, Asiatu tana aiki a kunyar gaba. Aka ɗauko shi a keke mai ƙafa uku, bai kai asibiti ba.

Ranar addu'ar uku mutane suka cika gida, abinci ya kasa. Asiatu ta ce a haƙe tsibin bayan gida. Aka haƙe duka, aka daka sakwara. Mashud ya zo gaisuwa, ni na ajiye masa kwano da hannuna. Ya yi loma biyu ya ce, "Mma, doyar nan ta yi daɗi. Ta Salaga ce?"

Na ce, "Ita ce ya ɗauko zai shuka ranar da taraktarka ta riga shi."

Ya cire hannunsa daga kwanon, ya zauna yana kallon ƙasa. Ban ji sanyi a raina ba ko kaɗan.

Asiatu tana takaba, don haka ni da 'ya'yansa muka roro waken. Ta ce a cika kwando a kai, kada a ce Hudu ya tafi bai cika ƙa'ida ba. Ni na ɗauka a kaina na kai ƙauyen, na dire a ƙofar gida, ban shiga ba. Babu namijin da zai ci gaba da noma a gidan Hudu, gonar ta koma hannun masu ita. Wake ya bar mata ɗan ƙarfi, sai Mashud ya sa masara da damina ta zagayo. An ce mini ta yi kyau.